Finland a 2023: An Ɗaga Ganuwa, Cikin Gari Ya Fara Tsagewa

Ranar Talata, 4 ga Afrilun 2023, aka ɗaga wata farar tuta mai shuɗin gicciye a harabar hedikwatar ƙungiyar tsaro ta NATO da ke Burussels, tsakanin tutar Estoniya da ta Faransa. Jim kaɗan kafin hakan, ministan harkokin wajen Finland, Pekka Haavisto, ya miƙa wa takwaransa na Amurka, Antony Blinken, takardar shiga ƙungiyar, shugaban ƙasa Sauli Niinistö kuma ya zo da kansa domin ya shaida. Da wannan Finland ta zama ƙasa ta 31 a cikin NATO, a daidai ranar da ƙungiyar ke cika shekara 74 da kafuwa. Iyakar tudu da NATO ke da ita da Rasha ta ninka a yini guda, domin Finland kaɗai ta zo da kilomita 1,340.

Kwana biyu kafin wannan biki, masu zaɓe a gida sun juya wa gwamnatin da ta yi wannan aiki baya. Jam'iyyar SDP ta Firaminista Sanna Marin ta zo ta uku, duk da cewa ta ƙara kujeru. Babu wanda ya hukunta Marin saboda NATO. A kan wannan batu bakin kusan kowa ya zo ɗaya. Abin da ya raba kan jama'a shi ne bashi, da kuɗin jin daɗin jama'a, da kuma tambayar wa za a bari ya shigo ƙasar ya zauna. Waɗannan kwanaki biyu sun nuna yadda shekarar za ta kasance baki ɗaya: ƙasa ce da ta haɗa kai ƙwarai a kan barazanar waje, ta kuma soma rarrabuwa a kan lamurran cikin gida waɗanda su ne ainihin tushen ƙarfinta.

Mai karatu a Kano ko Damagaram ya fi sanin Finland ta hanyar wayar Nokia, sai kuma Simon Ekpa, ɗan fafutukar Biyafara mazaunin garin Lahti, wanda 'yan sandan ƙasar suka tsare na ɗan lokaci a Fabrairun 2023, gab da babban zaɓen Najeriya, kotu kuma ta yanke masa ɗaurin shekara shida a Satumban 2025. Amma labarin wannan ƙasa mai mutum miliyan biyar da rabi ya wuce nan, kuma ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau.

Maƙwabcin da ba a zaɓa ba

Finland ta ayyana 'yancin kanta daga Rasha ranar 6 ga Disamban 1917. A ƙarshen Nuwamban 1939 Tarayyar Sobiyet ta auka mata, aka gwabza Yaƙin Hunturu na wata uku da rabi, aka sake wani daga 1941 zuwa 1944. Ba a mamaye Helsinki ba, amma ƙasar ta rasa kimanin kashi ɗaya cikin goma na faɗinta, har da birnin Viipuri, mutum sama da 400,000 kuma suka bar gonaki da kaburburan iyayensu suka yo yamma. Daga nan shugabanninta suka ɗauki wata hanya ta lallaɓawa: yarjejeniyar ƙawance da Mosko a 1948, kauce wa duk wata ƙungiyar soja, da taka-tsantsan a kan kowace kalma da za ta iya ɓata wa maƙwabci rai. Shugaba Urho Kekkonen ya shafe sama da shekara 25 yana tafiyar da wannan siyasa. Ko bayan ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 1995, ƙuri'un jin ra'ayi sun riƙa nuna cewa masu son shiga NATO ba su wuce mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ba.

Zaman ya yi riba. A wancan lokaci jirgin ƙasa na Allegro kan ɗauki fasinja daga Helsinki zuwa birnin Saint Petersburg cikin sa'a uku da rabi. Kantunan Lappeenranta da Imatra sun cika da 'yan Rasha masu sayen cuku da kifi da tufafi. Gas da lantarki da katako sun riƙa shigowa daga gabas.

Sai ga 24 ga Fabrairun 2022. Da tankokin Rasha suka nufi birnin Kiyef, mutanen Finland suka ga gemun ɗan'uwa ya kama da wuta. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta gidan rediyo da talabijin na ƙasa, Yle, ta nuna goyon bayan NATO ya haura rabi a cikin kwanaki, ya kai kashi 76 cikin ɗari a watan Mayu. Ranar 17 ga Mayu majalisa ta amince da neman shiga da ƙuri'a 188, takwas suka ƙi. A nan talakawa ne suka riga 'yan siyasa canza ra'ayi, shugabanni suka bi bayansu. Turkiyya da Hungari sun ja ƙafa kusan shekara guda, sai a ƙarshen Maris na 2023 suka sa hannu, Finland ta shige ta bar Suwidin, abokiyar tafiyarta, tana jira har Maris na 2024.

Goran da aka fafe tun da wuri

Kuskure ne a ɗauka NATO ce ta ba Finland tsaro daga sama. Finland ta shiga da kayanta a hannu. Lokacin da yawancin ƙasashen Turai suka soke aikin soja na dole bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, ita ba ta soke ba. Duk saurayin da ya kai shekara 18 ana kiransa, mata kuma suna shiga bisa ra'ayin kansu. Ƙasar na iya tara soja 280,000 idan yaƙi ya tashi, tana da 'yan ko-ta-kwana kusan 900,000, da ɗaya daga cikin rundunonin manyan bindigogi mafi girma a yammacin Turai. Tun a Disamban 2021, kafin mamayar Yukren, ta yanke shawarar sayen jiragen yaƙi 64 ƙirar F-35.

Wanda ya je unguwar Merihaka a Helsinki zai ga wata 'yar ƙofa a gefen titi, da matakala mai gangarawa cikin dutse. A can ƙasa yara na wasan ƙwallo, akwai wurin motsa jiki da wurin ajiye motoci. Amma ƙofofin wurin na ƙarfe ne masu kauri, akwai injinan tace iska, da gadajen da aka jera a ɗakin ajiya. Cikin sa'a 72 za a iya mayar da filin wasan mafakar mutum 6,000. A Itäkeskus kuwa wurin ninkaya ne aka sassaƙa a cikin dutse domin wannan manufa. A faɗin ƙasar akwai irin waɗannan mafaka sama da 50,000, masu ɗaukar mutum miliyan 4.8. Akwai hukuma ta musamman da ke ajiye hatsi da man fetur da magunguna na watanni, ana kuma koya wa kowane gida ya tanadi abinci da ruwa da rediyo mai batir da za su ishe shi kwana uku.

Haka abin yake a fannin makamashi. Rasha ta yanke wa Finland lantarki da gas a Mayun 2022, fitilu ba su mutu ba. Ranar 16 ga Afrilun 2023 tashar nukiliya ta Olkiluoto 3 ta fara aiki gadan-gadan da megawat 1,600, bayan jinkirin kusan shekara 14, tana ba da kimanin kashi 14 cikin ɗari na wutar ƙasar.

Duk wannan tanadi ya tsayu ne a kan abu ɗaya, wato amana. Mutum ba ya ba da ɗansa a kai bariki, ba ya biyan haraji mai nauyi don a haƙa ramin da wataƙila ba za a taɓa buƙata ba, sai ya yarda cewa hukuma ba za ta ci amanarsa ba, kuma idan ya faɗi za a tallafe shi. Makarantar kyauta, da asibiti, da kuɗin tallafin marasa aiki, su ne suka saya wa Finland wannan yarda. Shi ya sa abin da ya biyo bayan zaɓen Afrilu ya shafi tsaro fiye da yadda ake zato.

Gwamnatin da ta fara da tuntuɓe

A majalisa mai kujeru 200, jam'iyyar Kokoomus ta masu ra'ayin kasuwa ƙarƙashin Petteri Orpo ta sami 48. Jam'iyyar Perussuomalaiset mai adawa da shigowar baƙi, wadda Riikka Purra ke jagoranta, ta sami 46, mafi yawa a tarihinta. SDP ta tashi da 43. Tazarar da ke tsakanin ta ɗaya da ta uku ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙuri'u ba. Bayan makonni ana ciniki, ranar 20 ga Yuni aka rantsar da gwamnatin jam'iyyu huɗu: Orpo firaminista, Purra ministar kuɗi, tare da jam'iyyar masu magana da harshen Suwidin da ta Kiristoci masu ra'ayin dimokuraɗiyya.

Ko wata guda ba a yi ba tsofaffin maganganu suka fara fitowa. Ministan tattalin arziki, Vilhelm Junnila, ya sauka ranar 30 ga Yuni, kwana goma da kama aiki, bayan an tono ba'ar da ya yi da lamba 88, wadda masu aƙidar Nazi ke amfani da ita wajen jinjina wa Hitila, da kuma wata tambaya da ya rubuta wa majalisa a 2019 inda ya kawo shawarar ƙarfafa zubar da ciki a Afirka a matsayin maganin sauyin yanayi. Wanda ya gaje shi, Wille Rydman, shi ma jaridar Helsingin Sanomat ta buga saƙonninsa na cin zarafin baƙi. Ita kanta Purra ta nemi gafara a watan Yuli a kan kalaman ƙyama da ta rubuta a intanet a 2008. Sai da Shugaba Niinistö, daga wurin taron NATO a Vilnius, ya shawarci gwamnati ta fito fili ta nuna ba za ta lamunci wariyar launin fata ba. Jim kaɗan bayan haka Shugaba Joe Biden na Amurka ya sauka a Helsinki, 'yan jarida na tambaya a kan Rasha a waje ɗaya, a kan ministocin ƙasar a ɗaya wajen.

Ranar 3 ga Satumba mutum fiye da 10,000 suka yi maci a Helsinki suna tir da wariya. Gwamnati ta fitar da sanarwar manufa a kan daidaito, ta tsallake ƙuri'ar yanke ƙauna, ta ci gaba da aiki. Amma raunin bai warke ba. A ƙasar akwai Musulmin Tatar da kakanninsu suka zo tun ƙarni na 19, akwai 'yan asalin Somaliya fiye da 20,000 da suka fara isowa a farkon shekarun 1990. 'Ya'yansu maza da ke da takardar zama 'yan ƙasa suna amsa kiran soja kamar kowa. Saurayin da aka ba bindiga aka ce ya tsare iyakar gabas, sannan ya karanta abin da ministar kuɗin ƙasarsa ta taɓa rubutawa a kan irinsa, yana da dalilin tambayar ko ƙasar da zai kare ta ɗauke shi nata.

Shirin gwamnatin ya ƙunshi gyaran kasafi na Yuro biliyan shida. An shirya rage tallafin haya da na marasa aiki, da taƙaita yajin aikin siyasa zuwa yini guda, da mayar da shekarun jiran zama ɗan ƙasa daga biyar zuwa takwas, da rage adadin 'yan gudun hijirar da ake ɗauka kowace shekara daga 1,050 zuwa 500. Hujjar Orpo ba ta banza ba ce. Bashin ƙasa ya haura kashi 70 cikin ɗari na abin da take samarwa, tsofaffi na ƙaruwa, kuɗin tsaro ya wuce kashi 2 cikin ɗari. Dole wani ya biya. Matsalar ita ce an ɗora mafi nauyin kayan a kan ɗalibai da masu ƙaramin albashi da marasa aiki. A Satumba ɗalibai suka mamaye babban ginin Jami'ar Helsinki, ranar 14 ga Disamba kuma ƙungiyoyin ƙwadago suka tsayar da jiragen ƙasa da masana'antu da dama.

Bututu a ƙarƙashin teku, kekuna a kan ƙanƙara

Da asubahin 8 ga Oktoba ma'aikata suka ga matsin iskar gas ya faɗi a bututun Balticconnector, mai tsawon kilomita 77, da ya haɗa Inkoo ta Finland da Paldiski ta Estoniya. Masu bincike suka sami wata ƙatuwar anka a ƙasan teku da sawun jan ta mai nisa, suka danganta ta da jirgin dakon kaya NewNew Polar Bear mai tutar Hong Kong. Ba a gyara bututun ba sai Afrilun 2024, amma gidaje ba su shiga sanyi ba, domin tun 2022 aka yi hayar jirgin ajiyar gas aka girke a Inkoo. Tanadi ya sake yin rana.

Jarrabawa mafi wuya ta zo a Nuwamba. Masu gadin iyakar Rasha, waɗanda shekara da shekaru ba sa barin mai takardun da ba su cika ba ya wuce, suka daina hanawa. Matasa daga Siriya da Somaliya da Yaman da Iraƙi suka riƙa ɓullowa a mashigun iyaka a kan kekuna, saboda ba a yarda a tsallaka da ƙafa ba. Wasu kekunan na yara ne. Wasu matasan sanye suke da takalman yawo da 'yan riguna marasa kauri a cikin sanyin da ke daskarar da ruwa nan take. Da sun iso sai su jingine keken su nemi mafaka, kekuna suka taru tsibi a gefen shinge, ƙanƙara na rufe su. Kimanin mutum 900 suka shigo a watan.

Gwamnati ta ce Rasha ce ke turo su da gangan domin ramuwa, fadar Kremlin ta musanta. Ranar 18 ga Nuwamba aka rufe mashigu huɗu na kudu maso gabas: Vaalimaa, Nuijamaa, Imatra da Niirala. Ayarin ya karkata arewa, aka rufe wasu uku, ya rage Raja-Jooseppi kaɗai, can ƙuryar Lapland inda rana ba ta ko fitowa sosai a wannan lokaci. Ranar 30 ga Nuwamba aka rufe iyakar baki ɗaya. An gwada buɗe biyu ranar 14 ga Disamba, washegari aka sake rufewa. Ranar 18 ga Disamba, a Washinton, ministan tsaro Antti Häkkänen ya sa hannu a yarjejeniyar da ta ba sojojin Amurka damar amfani da wurare 15 a ƙasar.

Zargin da Finland ta yi yana da tushe. An ga irin wannan a arewacin iyakar a hunturun 2015 zuwa 2016, an kuma ga yadda Belarus ta yi wa Foland da Lituweniya a 2021. Gwamnatin da ta naɗe hannu tana kallo ta gaza. Amma mutum 900 ba su fi ƙarfin ƙasar da ta karɓi masu neman mafaka 32,000 a 2015 ba, wadda kuma 'yan Yukren fiye da 60,000 suka nemi kariyarta tun 2022. Wanda ya tura yaron yana zaune cikin ɗumi a ofishinsa. Yaron da ke kan keken shi ya kwana a waje. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna damuwa cewa rufewar ta toshe haƙƙin neman mafaka, a Yulin 2024 kuma majalisa ta zartar da dokar wucin gadi da ta halatta mayar da mutane a bakin iyaka, da ƙuri'a 167 da 31. Idan burin Mosko shi ne ta sa ƙasar da ke alfahari da bin doka ta sassauta dokokinta da hannunta, to ta sami wani kaso na abin da take nema ba tare da ta harba harsashi ba.

Ɗan gudun hijirar da ya zama shugaban ƙasa

Ana cikin wannan, ranar 16 ga Oktoban 2023, Martti Ahtisaari ya rasu yana da shekara 86. An haife shi a Viipuri a 1937, yana ƙaramin yaro iyalinsa suka bi ayarin waɗanda yaƙi ya kora. Ya yi jakadanci a Tanzaniya, ya jagoranci aikin Majalisar Ɗinkin Duniya da ya kai Namibiya ga 'yanci a 1990, ya shugabanci Finland daga 1994 zuwa 2000, ya sasanta rikicin Aceh a Indunusiya a 2005, ya karɓi lambar zaman lafiya ta Nobel a 2008. An yi masa jana'izar ƙasa a babbar majami'ar Helsinki ranar 10 ga Nuwamba, kwana takwas kafin a rufe mashigun farko. Mutumin da duniya ta fi girmama Finland saboda shi, shi kansa ya san abin da ake nufi da barin gida ba shiri.

Ƙarshen shekarar ya zo da wasu alƙaluma biyu da ya kamata su tayar wa shugabanni hankali fiye da ankar jirgi. Sakamakon jarrabawar PISA da aka fitar a Disamba ya nuna makin lissafin ɗaliban Finland ya faɗo zuwa 484, daga 548 a 2006, lokacin da malamai daga ko'ina ke zuwa koyon sirrin makarantunta. Jariran da aka haifa a shekarar kuma kimanin 43,000 ne, wato haihuwa 1.26 ga kowace mace, mafi ƙaranci tun da aka fara ƙidaya har zuwa lokacin. Ƙasar da rahoton farin ciki na duniya ya sa a gaba karo na shida a jere a Maris na 2023, tana ɗauko ma'aikatan jinya daga Filifin domin kula da tsofaffinta, a lokaci guda tana tsaurara sharuɗɗan zama ga baƙon da ya zo aiki. Sojan ko-ta-kwana na shekara ashirin masu zuwa, ko dai a haife shi yanzu ko iyayensa su shigo daga wata ƙasa, hanyoyin biyu kuma duk sun ƙuntata a 2023.

Ba a ce amanar ta ƙare ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Fabrairun 2024, Alexander Stubb ya doke Haavisto da kashi 51.6 da 48.4, a daren kuma ya tafi har wurin taron magoya bayan abokin takararsa ya gode masa a gabansu. Babu ƙara a kotu, babu ƙone-ƙone. Wannan ɗabi'a ta fi jiragen F-35 wahalar samu, ita ce kuma abin da rage tallafi da kalaman ƙyama ke ci a hankali. A Afrilun 2024 gwamnati ta tsawaita rufe iyakar har sai abin da hali ya yi, ana ci gaba da kafa shingen ƙarfe da aka tsara zai kai kusan kilomita 200. Masu magana da harshen Rasha kusan 100,000 da ke zaune a Finland, da dama cikinsu 'yan ƙasa masu biyan haraji, idan za su gaishe da iyaye a garin da bai wuce tafiyar sa'a ɗaya daga Imatra ba, sai su tsallaka teku zuwa Estoniya su bi layi a gadar Narva.